Dalma a iska, dalma a jini: lamarin wata unguwa da ke gefen ƙaramin filin jirgi a Kalifoniya

Wurin da mazaunansa, 1939 zuwa 2007

A gabashin birnin San Jose da ke jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ƙaramin filin jirgi da ake kira Reid-Hillview. Ba irin filin da ake jigilar alhazai ba ne. Titunansa biyu ne, kowanne bai cika kilomita ɗaya ba, jiragen da ke sauka a kansu kuma ƙanana ne masu farfela, irin na koyon tuƙi da mutanen Zariya suka saba gani suna shawagi a kansu. An buɗe shi a 1939, lokacin da kewayensa gonaki ne da lambuna. Gundumar Santa Kilara ta saye shi a 1961. Daga nan gari ya yi ta matsowa har ya haɗiye shi: gidaje, makarantu, filayen wasa, da wata katafariyar kasuwa da aka buɗe a 1971 daf da ƙarshen titin ta kudu.

Wannan nazari yana bin unguwar da ke gabas da shingen filin. Yawancin mazaunanta masu ƙaramin ƙarfi ne, 'yan asalin Latin Amurka da Biyetnam. Gunduma ta ƙiyasta cewa mutum kusan 52,000 ke zaune cikin mil ɗaya da rabi daga filin, wato kilomita 2.4, kuma akwai makarantu da gidajen rainon yara 21 a wannan da'ira. Mafi yawan shekara iska daga arewa maso yamma take busowa, ta ratsa filin, ta sauka a kan unguwar. Masu nazarin iska suna ce wa irin wannan wuri "ƙarƙashin iska". A riƙe kalmar, za a sake haɗuwa da ita.

Shekara da shekaru koken mutanen unguwar biyu ne: ƙarar jirage, da fargabar kada wani jirgi ya faɗo a kan rufin gida. An sha kiran a rufe filin, ba a rufe ba. Dalma kuwa ba ta cikin maganar, don ba ta da wari ba ta da launi a iska.

Inda dalmar take fitowa

Manyan jirage masu injin jet, na fasinja da na yaƙi, kananzir suke sha, babu dalma a cikinsa. Waɗannan ƙanana kuwa injinsu ɗan'uwan na mota ne, da fistan da fulogi, kuma fetur suke sha. Ana ce wa man nasu 100LL. Ɗarin ƙarfin oktan ne, wato ma'aunin juriyar mai ga fashewa kafin lokaci, haruffan biyu kuma suna nufin dalma kaɗan. Wannan "kaɗan" tana kaiwa giram 2.12 a galan, sama da rabin giram a kowace lita ke nan. Ana zuba ta ne don kada man ya fashe cikin silinda kafin lokacinsa. In mota ta yi haka, direba ya gangara gefen hanya; sama kuwa ba ta da gefen hanya. Shi ya sa da Amurka ta haramta dalma a man motoci a 1996 ta ƙyale na jirage. Ko a 2021, da aka yi shelar cewa duniya ta rabu da fetur mai dalma bayan Aljeriya ta daina sayarwa, man jirage bai shiga lissafin ba.

Kafin matuƙi ya tashi, yakan tsuguna ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi garai-garai, ya tsiyayo mai, ya ɗaga shi a rana ya duba ko akwai ruwa a ciki. Man shuɗi ne fayau, kamar ruwan bula. Sai ya tayar da inji, ya gangara zuwa bakin titi, ya danne birki, ya ba injin wuta jirgin yana tsaye yana karkarwa, yana gwada na'urorin kunna wuta ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran wannan gwajin inji, kuma bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba. Amma binciken hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ya nuna cewa a nan dalma ta fi taruwa, domin hayaƙin yana fita ne a wuri ɗaya, daf da ƙasa, sau da yawa kusa da shinge. Kusan kashi 95 cikin 100 na dalmar da ke cikin man ta salansa take ficewa, ƙwayoyi ƙanana da suka fi ƙura laushi.

Filin kuma na 'yan koyo ne. Ɗalibi yakan tashi, ya zaga, ya taɓa titi, ya sake tashi, ya maimaita har awarsa ta cika. A wasu shekarun, sauka da tashi sukan kai kusan 200,000 a shekara.

Awon farko, na iska: 2008 zuwa 2013

A 2008 EPA ta rage mizanin dalma a iska ninki goma, daga maikirogiram 1.5 a kowace kubik mita zuwa 0.15. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Da aka tsuke mizanin sai hankali ya koma kan ƙananan filayen jirgi, tun da motoci sun riga sun fita daga layi.

Masu wannan aiki suna da matakai da ya kamata a bambance, don mafi yawan gardamar da ta biyo baya daga cakuɗa su ta taso. Na farko shi ne ƙididdigar hayaƙi. Ana ƙirga jiragen da suka sauka suka tashi, a lissafa man da kowanne ya ƙona a "zagayen sauka da tashi", wato duk abin da jirgi ya yi a ƙasa da kuma a sama muddin bai haura ƙafa 3,000 ba, sannan a fitar da yawan dalmar a shekara. Wannan yana gaya maka nawa ne ya fita, ba ya gaya maka ina ya tafi. Na biyu hasashen yaɗuwa: a ba kwamfuta wannan adadi tare da bayanin iska, ta zana inda hayaƙin zai fi sauka. Manhajar da aka daɗe ana amfani da ita, EDMS, hukumar sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, da rundunar sojin saman Amurka ne suka haɗu suka ƙirƙira, shi ya sa filin farar hula da sansanin soja suke magana da kalmomi iri ɗaya. A 2015 aka maye gurbinta da wata sabuwar manhaja, AEDT. Na uku kuwa awo na zahiri. Ana kafa wata na'ura da ke zuƙar iska awa 24 ta cikin takardar tacewa, sau ɗaya a kwana shida, a kai takardar ɗakin bincike, sannan a fitar da matsakaicin wata uku a gwada shi da mizani.

A ƙarshen 2010 EPA ta ba da umarnin a yi irin wannan awo na shekara ɗaya a wasu filayen jirgi da aka zaɓa, har da wannan. Daga cikin filaye 17 da aka samu sakamakonsu, biyu ne suka ƙetare mizani, dukansu a Kalifoniya, kuma wannan ba ya cikin biyun. Nasa ya haura rabin iyakar amma bai kai ta ba. Bisa ƙa'ida hakan yana nufin a ci gaba da awo, ba ya nufin a ɗauki mataki. A takarda, iskar unguwar ta cika mizani.

Ƙofar da ba ta buɗe ba, da kuɗin da aka ƙi karɓa: 2018

Mai karatu zai iya tambaya, ina dokar nazarin tasirin muhalli? Amurka tana da ita tun ranar 1 ga Janairu 1970, Kalifoniya ma ta yi tata a shekarar. Sai dai dokar gaba take kallo. Tana farkawa ne in za a yi sabon aiki, kamar ƙara tsawon titi ko gina wani sashe, sai a gwada "in an yi aikin" da "in ba a yi ba". Abin da aka tarar a ƙasa kuwa sunansa "halin da ake ciki", daga kansa ake fara ƙirga. Filin da ya girme wa dokar da shekara talatin, hayaƙinsa na yau da kullum ya shige cikin halin da ake ciki ke nan. Ba a nemi izinin sabon aiki ba, babu nazarin da za a yi.

Sai majalisar gunduma, mai wakilai biyar, ta bi ta wata hanyar. Duk filin da ya karɓi tallafin gyara daga FAA yakan sa hannu cewa zai bar filin a buɗe ga kowa, ba tare da nuna bambanci ba, har shekara 20. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tallafin ƙarshe da filin ya karɓa zai daina ɗaure gunduma ne a 2031. A watan Disamba 2018, da ƙuri'a uku a kan biyu, majalisar ta yanke cewa ba za ta ƙara karɓar ko sisi ba, don kada wa'adin ya ƙara gaba. Wannan mataki bai rage dalma ko giram ɗaya ba. Agogo kawai ya kunna.

Awo na biyu, na jini: 2020 zuwa Agusta 2021

A 2020 gunduma ta ɗauko wani masanin tattalin arziki da ƙididdigar al'umma na jami'ar jihar Kolorado, Dakta Sammy Zahran, wanda ya taɓa yin irin wannan bincike a jihar Mishigan. Bai kafa na'ura ba, bai soki yaro ko ɗaya da allura ba. Ma'aikatar lafiya ta jihar tana da sakamakon gwajin jinin yara da asibitoci ke aiko mata, kowanne da adireshi da kwanan wata. Ya ɗauki sama da 17,000 na yaran da ke zaune cikin mil ɗaya da rabi daga filin, daga 2011 zuwa 2020, ya yi musu tambaya uku: nisan gidan yaro daga filin nawa ne, ta wane ɓangaren iska gidan yake, kuma jirage nawa suka yi zirga-zirga kafin ranar da aka ɗebi jinin. Ya kuma cire tasirin wasu abubuwan da kan kawo dalma, irin su tsofaffin gidaje masu tsohon fenti.

An fitar da rahoton a farkon Agusta 2021. Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowane desilita, wato kashi ɗaya bisa goma na lita. Yaran da ke cikin rabin mil, kimanin mita 800, sun ɗara na nesa da kusan 0.2. Waɗanda ke gabas, ƙarƙashin iska, sun ɗara sauran da kusan 0.4. Kuma adadin yana hawa in jirage sun yawaita, yana sauka in sun ragu. Annobar korona ma ta ba da wata shaida da ba wanda ya shirya ta: a watannin kulle na 2020 zirga-zirga ta ragu ƙwarai, dalmar jinin yaran da aka gwada a lokacin ita ma ta yi ƙasa.

Rahoton ya kwatanta wannan ƙari na 0.4 da wanda aka gani a jinin yaran garin Flint na Mishigan lokacin da ruwan famfonsu ya gurɓata daga 2014. Kwatancen ne ya cika kanun jaridu. Ƙungiyoyin matuƙa kuwa suka nuna wani shafin: yaran da dalmarsu ta kai matakin da likita zai sake dubawa ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma hakan bai yi nisa da matsakaicin jihar ba. Duka maganganun biyu daga bayanai ɗaya suka fito.

Ga wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ya kamata a faɗi girman abin sarai. A can an samu yara da yawa da dalmarsu ta wuce 65, iyakar abin da na'urar gwajin tafi-da-gidanka ke iya karantawa, kuma daga 45 ake fara ba da maganin wanke jini. A nan ana maganar ƙarin da bai kai rabin maikirogiram ba. Babu yaron da ya suma, babu wanda aka kwantar. Illar da ake tsoro ta ƙwaƙwalwa ce, 'yar raguwar kaifin fahimta da ba a gani a yaro ɗaya sai an tara dubbai. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce ba a gano wani adadin dalma da ba shi da illa ga yaro ba, kuma a Oktoba 2021 ta sauke matakin da take sa ido a kansa daga 5 zuwa 3.5.

Rufe famfo: Janairu 2022

Mako biyu bayan rahoton, majalisar ta zauna har dare tana sauraron iyaye da matuƙa, ta kuma amince baki ɗaya da abu biyu: a daina sayar da mai mai dalma, a kuma nemi hanyar rufe filin kafin 2031. Na biyun bai je ko'ina ba, don yarjejeniyar tallafi tana nan daram. Na farkon ya yiwu, saboda gunduma ce mai filin, kuma hayar kamfanonin da ke sayar da mai tana ƙarewa a ƙarshen 2021. Daga ranar 1 ga Janairu 2022 aka daina sayar da 100LL a wannan fili da kuma ɗayan filin gundumar da ke San Martin. Aka koma wani mai marar dalma mai oktan 94 na kamfanin Swift Fuels.

Nan ma da sauran rina a kaba. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi biyu bisa uku na ƙananan jiragen Amurka za su iya shan mai oktan 94, ciki har da yawancin na koyo. Sauran masu manyan injina ba za su iya ba, kuma su ne suka fi shan mai. Gunduma kuwa sayarwa ta hana, ba ta da ikon hana amfani, domin doka ta bar hayaƙin jirage a hannun tarayya kaɗai. Mai babban inji sai ya yi tafiyar 'yan mintoci zuwa filin maƙwabta, ya cika tanki da shuɗin mai, ya dawo ya yi gwajin injinsa a bakin shingen nan dai.

Awo na uku, na ƙasa, da shigowar tarayya: 2022 zuwa 2025

A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin ƙasar filin da gunduma ta sa aka yi. Dalmar da aka samu ba ta wuce iyakokin da hukumomi suka gindaya ba. Masu son filin suka ce to, ga shi nan. Awo uku ke nan a wuri ɗaya: iska ta cika mizani, ƙasa ta cika mizani, jini ya nuna bambanci.

FAA ta buɗe bincike kan gundumar tun kafin haramcin ya fara aiki, ƙungiyar masu ƙananan jirage, AOPA, ita ma ta shigar da ƙorafi a hukumance a 2022. A gefe guda kuma abubuwa suna motsi. A Fabrairu 2022 FAA da masana'antar jirage suka ƙaddamar da shirin rabuwa da dalma zuwa ƙarshen 2030. A Satumba ta amince da wani mai marar dalma mai oktan 100, G100UL, na kamfanin GAMI. A Janairu 2023 binciken jinin ya fito a mujallar kimiyya ta PNAS Nexus bayan wasu masana sun tantance shi. A Oktoba 2023 EPA ta yanke a hukumance cewa dalmar da jirage ke fitarwa barazana ce ga lafiyar jama'a, tana mai cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ke shiga iskar ƙasar daga gare su take. Irin wannan hukunci yana wajabta wa EPA da FAA su fitar da ƙa'idoji, amma bai hana sayar da ko lita ɗaya ba a ranar.

Shekarar 2024 ta zo da dokoki biyu masu ja da juna. Ta majalisar tarayya, a watan Mayu, ta ce filin da ke sayar da 100LL a 2022 kada ya daina sai an samu madadin da kusan kowane jirgi zai iya sha, ko kuma 2030 ta ƙare. Ta Kalifoniya, a Satumba, ta haramta sayar da shi a jihar daga ranar 1 ga Janairu 2031. A ƙarshen Oktoba aka fara sayar da G100UL a wannan fili, na farko a duk ƙasar, ko da yake sai mai jirgi ya sayi takardar izini ta musamman kafin ya zuba, kuma wasu sun yi ƙorafin yana ɓata musu fenti. A watan Maris 2025 FAA ta yanke cewa haramcin gundumar ya saɓa wa alƙawarin da ta ɗauka lokacin da ta karɓi tallafi.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Na'urar iska ba ƙarya ta yi ba. An tambaye ta ko matsakaicin wata uku a wuri ɗaya ya wuce 0.15, ta ce bai wuce ba. Ba a tambaye ta abin da yaro ke shaƙa da yammacin Asabar ba, lokacin da jirage ke layi a bakin titi iska tana kaɗawa gabas. Matsakaici yakan haɗiye irin wannan sa'a. Shi kansa mizanin an tsara shi ne don rage illa zuwa abin da hukuma ke ganin za a iya jurewa. "Ya cika mizani" maganar doka ce, mutane kuma suka ji ta kamar maganar likita. Gwajin ƙasa ya fi rauni ma a matsayin hujja, tun da ƙwayar da ta shiga huhu ba sai ta fara kwanciya a cikin shinge ba.

Binciken jini ya yi ƙarfi ne saboda alamu uku da ba su dogara da juna ba sun nuna wuri ɗaya. Tsohon fenti zai iya bayyana bambancin unguwa da unguwa, amma fenti bai san gabas da yamma ba, kuma ba ya raguwa don jirage sun daina tashi. A ganina kwatancen Flint ya yi rana wajen jawo hankali, amma ya jawo wa binciken zargin zuzutawa, haka ma haɗa maganar dalma da ta rufe filin: matuƙa da dama sun ɗauka cewa filin ake so don a yi gidaje, dalma hujja ce kawai, sai suka yaƙi abin da da an raba shi da sun karɓa.

Matakin da ya taɓa dalmar kai tsaye ɗaya ne tak, rufe famfo, kuma ya yiwu ne don abu uku sun haɗu: gunduma ce mai filin, hayar masu sayar da mai ta zo ƙarshe, ga kuma madadin da jiragen koyo, masu yawan zagaye a kan unguwar, za su iya sha. Da ɗaya ya ɓace da ƙudurin ya tsaya a takarda. Ya rage dalmar, bai kawar da ita ba, kuma a 2025 shi kansa ya fuskanci hukuncin tarayya.

Wa'adi uku sun taru a wuri ɗaya: shirin tarayya a ƙarshen 2030, dokar jiha a farkon 2031, ƙarewar alƙawarin tallafi a cikin 2031. Yaron da aka ɗebi jininsa yana ɗan shekara ɗaya a 2011, shekarar da bayanan binciken suka fara, zai kai lokacin yana da shekara 21.